Hannun Hagu

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

An turo mana ɗaliban kwaleji uku masu koyon koyarwa. Tun da muka shiga aji ɗaya na sakandare ba mu da malamin Turanci sai yau. Tamu sunanta Malama Khairat. Ta tambayi sunana, in'ina ta riƙe ni a kan "Lu... Lu...", aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jira har na ce Luba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Da aka fita cin abinci ta kira ni gindin dogonyaro, na karanta mata ita kaɗai. Ta ce in riƙa jan numfashi kafin kowace jimla. "Kin fi su duka iyawa, bakinki ne kawai mai gardama."

Juma'a, 20 ga Oktoba

Wani babban malaminsu zai zo daga kwaleji ya ga yadda take koyarwa ya ba ta maki. Ta ce ranar ni zan karanta a gaban aji. Ni! Na kai mata dafaffiyar gyaɗa. Inna ta ce ko awaki sun haddace karatun nan nawa.

Litinin, 30 ga Oktoba

Gobe zai zo. Yau gwaji muka yi. Ta ce kowa ya ɗaga hannu ga kowace tambaya: wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu, ita ta san wanda za ta kira. Har abin ya ba ni dariya.

Da aka tashi ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ba ta kalli idona ba.

"Luba, gobe hagu za ki ɗaga. Lokaci kaɗan gare ni, in kika maƙale makina ne zai tafi. Ki gane mana, ƙanwata."

Na ce to. Shi kaɗai ya fito ba gardama.

Talata, 31 ga Oktoba

Babban malamin ya iso daga Bukkuyum a kan kabu-kabu, ya zauna a bayan aji. Na ɗaga hagu. Habsu 'yar ajinmu ce ta karanta a madadina, ta tsallake layi guda, bai ma lura ba. Agogo yake ta dubawa, wai akwai wasu makarantun da zai kai kafin la'asar. Ya ce bai taɓa ganin ajin da kowa ke ɗaga hannu haka ba. Malama sai murmushi.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ban je ba. Inna ta ce, "Mi ya same ki, ɗiyata?" Na ce ciwon kai.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Sun tafi. Wa'adinsu ya cika. Malama ta ba Habsu littafin karatunta ta kawo mini, ita ba ta iya zuwa ba ke nan. Na cusa shi ƙarƙashin buhun gero. Shugaban makaranta ya ce ya nemi a turo mana malami, amma kada mu sa rai sai baɗi, in an kawo wasu masu koyon. Su ma su karɓi makinsu su tafi.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Malam Hamisu na lissafi ya shigo lokacin Turanci don surutu ya yi yawa. Ya ce, "Wa zai karanta mana?" Aji duka suka ɗaga hagu suna ƙunshe dariya, shi bai san dalili ba.

Ban san me ya shiga hannuna ba. Dama ce ta tashi.

Na maƙale a tsakiya. Habsu ta fara raɗa mini kalmar, na yi kamar ban ji ba. Na ja numfashi, na wuce, har ƙarshe. Ban tsallake layi ba.

Littafin yana warin gero yanzu. Ba don ita na ciro shi ba. Numfashin ma ai nawa ne.