Makamin da Aka Yi Don Sama Ya Sauka a Ƙafata

Zuwa ga Mudir Abu Faisal,
shugaban ma'aikata na kamfaninmu mai shirya rumfunan baje koli, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ƙafafuwanka duka biyu. Ni ne Hamisu, mutumin Mashi ta jihar Katsina, wanda kuke kira Hamis, lebura a sitonku na hanyar filin jirgi. Sunan kamfani ba zan kama ba, don har gobe shi ne kafil ɗina, wato uban gidan da izinin zamana a ƙasar nan ke hannunsa. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da rubutun. Idona dai lafiyarsa lau. Da Hausa na rubuta, dalilin haka kuma yana can ƙasa.

Safiyar wata Talata, bayan ƙaramar Sallah, motar kamfani ta kwaso mu daga masaukinmu na unguwar Suwaidi, aka karɓe wayoyinmu a ƙofa kamar yadda ake yi in akwai kayan sirri. Muna shiga na ga an yaye tamfol daga kan wani abu da muka daɗe muna kewayawa. Makami mai linzami ne, fari tas, siriri, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, da ƙananan fukafukai gaba da baya. An kafa shi a kan ƙafar ƙarfe, hancinsa na kallon rufi. Ba abin fashewa a cikinsa, gangar jiki ce kawai ta nuni. Amma gangar jikin ta ƙarfe ce, wannan ni zan fi kowa ba da shaida.

A bango bidiyon Turawan da suka ba ku kwangila yana ta maimaita kansa, Injiniya Usama, mutumin Sudan, ya fassara mana. Wai irin wannan makami tun zamanin iyayenmu aka ƙera shi don jirgin yaƙi ya harbi ɗan'uwansa jirgi a sama. Yanzu ya tsufa, an yi waɗanda suka fi shi ido, shi kuma ya cika rumbuna, zubar da shi asara ce. Sai masu ilmi suka ce a canza masa aiki, ya bar neman na sama, ya koma dukan abin da ke ƙasa. Na ji tausayinsa, don ni ma direba aka ɗauko ni daga gida, ga ni ina goge tayil.

Sai saƙo ya zo cewa hanci a sama tsohon aiki yake nunawa, a sunkuyar da shi, a ajiye masa tankar yaƙi ta katako a gaba don masu saye su gane. Aka ce ni in durƙusa in daidaita tankar. Usama da abokin aikina Mamman Maraɗi suka hau kwance notina. Ita kuwa ƙafar ƙarfen don kallon sama aka yi ta, ba wanda ya gaya mata an canza shawara. Na ji ƙara, na ɗaga kai, na ga hanci na zuwa. Ya sauka a kan ƙafata ta dama. Tankar katako ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Ga kukana, yallaɓai.

Na ɗaya. A asibiti, allura ba ta sake ni ba, mai kula da mu ya zo da takardar Larabci ya ce ta magani ce, na sa hannu. Sai da aka sallame ni wani ɗalibi ɗan garinmu ya karanta mini. Wai ba a sito na ji ciwo ba. Wai ranar Juma'a na je kasuwar Aziziya ɗaukar kaya a ɓoye, buhun dankali ya faɗo mini. Wato ƙafata ta farfashe tun Juma'a, na ɓoye, na ci gaba da tafiya da ita har Talata. An san ni da haƙuri, amma bai kai nan ba. Likitan da ya wanke raunin ma sai da ya tambaye ni wane irin dankali ne yake barin farin fenti a cikin naman mutum.

Na biyu. Wannan takarda duka biyu ta yi mini. Inshorar da ke ɗaukar wanda ya ji ciwo a wurin aiki ta ce ba ruwanta da dankali. Likita ya ce ƙasusuwan sai an yi aiki an sa ƙarfe, in aka daɗe za su haɗe a karkace, amma ɗaurewa kawai aka yi aka ba ni sanda. Sannan kai ka fi ni sanin hukuncin wanda ya yi wa wani aiki ba kafil ɗinsa ba a ƙasar nan. Da wannan takarda kowace rana ana iya raka ni filin jirgin Sarki Khalid, in sauka gida da ɗingishi, da sunan mai karya doka. Ƙafar dama ita ce ta birki da totur. Direban da ba shi da ita ko a Mashi ba mai ba shi mota.

Na uku. Na ji dalili, domin lebura ba a rufe baki a gabansa, kamar kujera ake ɗaukarsa. Wai in Turawa suka ji kayansu ya faɗi a hannunmu, kwangila ta tafi. Ni ban ga abin kunya ba. An ce a mayar da shi mai dukan ƙasa, kuma tun kafin a kai shi gaban masu saye ya nuna ya iya. Da ni ne ku, hoton ƙashina zan manna a rumfar.

Sai dai akwai abin da na lura da shi, tunda kwanciya ta ba ni lokacin tunani. A bidiyon nan ƙasa fili ce fetal, daga yashi sai tankar da ba kowa a ciki. Ni kuwa na fito daga yankin da in jirgi ya yi ƙasa-ƙasa mata ke kwashe yara su shige ɗaki. A saninmu ƙasa ba ta rabuwa da mutum, ko mai noma, ko mai kiwo, ko mai goge tayil. Abin da ban sani ba sai yanzu shi ne, in an same ka, sai a rubuta cewa ba ka wurin.

Na huɗu. Na zo ofishinka da sandata har mai gadi ya fara ajiye mini kujera. Kullum bukra inshallah, wato sai gobe. Shi kuwa makamin, a ranar aka kira mai gyara ya buge masa lotsawar hanci, aka sake masa fenti, aka yi masa sabuwar ƙafa, aka ɗauke shi a mota mai sanyi. Mu biyu muka yi karo, yallaɓai. Shi ya samu sabuwar ƙafa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A yage takardar dankali, a rubuta ta gaskiya: a sito, ranar Talata, a bakin aiki. In sunan makamin ne sirri, a rubuta ƙarfe ya faɗo mini, na yarda, ba ƙarya a ciki. A kai ni a yi mini aikin tun ƙashin bai gama yanke shawara ba. In na warke kuma aka ga ba zan iya lebura ba, kamfanin da ya san yadda ake tallar tsohon kaya da sabon aiki ba zai rasa inda zai sa ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka Faisal da ƙannensa, ya ba kamfani kwangila bisa kwangila. Allah ya tsare ka daga duk abin da aka yi don sama.

An ce ba hoto, don haka ba shaida. Gaskiya ne wayoyinmu na ƙofa, amma idanu ba a karɓe su ba. Injiniya Usama ya gani, sifana na hannunsa. Mamman Maraɗi ya gani, shi ya ɗaga hancin daga kaina, bayansa har yau bai daina ciwo ba. Shafik mai shayi, ɗan Bangaladash, ya gani, ya saki tire da kofuna. Sun ce za su faɗa in an tambaye su, ko da yake su ma iƙamarsu, takardar izinin zama, a ofishinka take.

Na ƙarshe kuma kai ne, yallaɓai. Kana tsaye a bayan tankar da kofin gahawa. Mun daɗe muna jin cewa kakarka Bahaushiya ce da ta zo Hajji ta zauna, kai kuma in an gaishe ka da Hausa sai ka amsa da Larabci. Ran nan da Hausa ka yi salati ka kira ni ɗan'uwa, ka ce kada in motsa. Ka cire shimag ɗinka, jan ƙyallen nan na kanka, ka ɗaure mini ƙafa da hannunka, jinina ya ɓata maka farar riga. Na gode, ban manta ba.

Ƙyallen yana wurina. Na wanke shi, na goge, na ninke, wani tabon dai ya ƙi fita. A cire sunana daga kasuwar Aziziya, in kawo maka abinka da ƙafata.

Wassalam.

Naka,
Hamisu Mashi,
Suwaidi, Riyad.