Idon Mamarku

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya maigidan naki, ya 'yan jikokina masu ƙiriniya?

Bayan haka, abin da kika ji gaskiya ne: mamarku za ta je a daidaita mata idon nan. Kin ce a waya in hana ta. Haba Auta, ni da ko labule ban taɓa hana ta canzawa ba?

Gwaggonku ta zo takanas, wai taɓa halittar Allah ne, kuma wa za a burge da furfura? Mamarku ta bari ta gama, sannan ta tambaye ta haƙoran da ke bakinta a wane shago aka halicce su. Ni dai na fake da tari na fice.

Ku kun tashi kun tarar da idon, ba ku san abin da ta sha ba. Tun tana yarinya ake ce mata harara-garke. Lokacin da take koyarwa, in ta daka wa yaro tsawa, na gefensa ne ke miƙewa. Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta taya su, sai ta dawo gida ta yi kukanta. Yanzu so take, kafin ta koma ga Allah, ta kalli mutum ya san shi ake kallo. Tsoron aikin take ji ƙwarai, amma ba ta fasa ba. Ke kaɗai za ki iya tsayar da ita: ta ce in kunya za ta ba ki a gidan surukai, ta haƙura. Ki yi tunani.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna lafiya. Allah ya yi miki albarka. Kiran da kika yi mata kika ce ta je a yi aikin, shi ya kai ta asibiti.

An yi aikin lafiya. Da aka cire bandeji, ta ɗago ta dube ni, ido biyu a kaina ni kaɗai. Na tsufa da matar nan, ban san haka kallonta yake da nauyi ba. Sai ga ni ina gyara wuyan riga kamar sabon saurayi, likita na dariya.

Damuwata ɗaya ce. A da in ta harare ni, sai in ce da kujera take. Yanzu ba ni da mafaka. Ki zo da wuri mu raba.

A shafa min kan yara.
Mahaifinki