Hurar Uwar Gona

Zuwa ga yayana Ɗan Baba, a Jibiya.

Gaisuwa mai yawa, da fatan cirani na tafiya lafiya. Na rubuto ne don wayarka ba rezo, kira ba ya shiga. Ruwan shuka ya sauka nan Gabi kwana huɗu ke nan, kowa ya shuka ban da Kaka Arziki. Ka san kowace shekara yakan aje wa iskar nan, Uwar Gona, ƙwaryar hura a gindin tsamiya, sai ta sha yake shuka. Bana ba ta taɓa ba. Ya ce ta yi fushi da shi, ba zai sa iri a ƙasa ba. Laima kuwa na gudu. Kai kaɗai yake saurara.

Ƙanwarka, Ɗelu.

Zuwa ga tsoho mai ran ƙarfe.

Bayan gaisuwa da tambayar gwiwoyi. Kaka, yau zan tuba. Uwar Gonar da ke shanye maka hura shekara shida ni ce, Ɗan Baba, ina tasowa daga makarantar allo da yunwa. Shekarar da ka ce ta ji daɗi har ta lashe ludayi, ranar ban karya ba ne. Ba iska ba aljan. Allah ke ba da hatsi, Malam ya faɗa maka. Don Allah ka shuka, ka zage ni daga baya.

Jikanka mai neman gafara.

Zuwa ga ja'iri. Ɗelu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ina gaisuwa, ba da yawa ba. Kai a tunaninka asiri ka tona? Tun shekarar farko na gan ka ta bayan rumbu, nono har hanci. Uwar Gona ba ta da baki, aro take yi. Gari cike da yara masu yunwa, me ya sa kai kaɗai ƙafarka ke kai ka can? Ka tambayi Malam. Abin da ya dame ni, bana ba ta aiko kowa ba. Ka hawo mota ka zo ka yi aikinka.

Kakanka, Arziki.

Yaya, sallama.

Kada ka taso. Akuyar maƙwabta ta tsinke jiya da hantsi, ta shanye hurar tas. Kaka ya shuka, yana ta waƙa. Ya ce a gaya maka an ba wata aikin, kuma ita ba ta wa'azi.

Ka huta lafiya. Ɗelu.