Layin da Na Ja a Bayan Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar taka? Ka tambayi jikin Malam, to ga abin da na kasa faɗa maka a waya.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta ɗauke, duk kalmar da ta dawo masa sai in rubuta a takardar da na manna bayan ƙofa. Watan farko suka kai hamsin, na biyu ɗari, na uku ɗari da hamsin. Ka san ni da kan tela: yadi uku riga ɗaya, yadi shida riga biyu. Na ɗauko rularsa na ja layi ɗoɗar, na ga nan da shekara biyu zai tsaya gaban allo. Har makarantarsu na je na roƙa a ajiye masa kujerarsa.

Na manta wanda na aura. Shekara ashirin yana koyar da lissafi, yana yi mini tsiya wai ba komai ke bin tef ɗina ba. Yakan ce wasu abubuwan ba sa tafiya a miƙe, abin da ka zuba ba shi ke auna abin da za ka samu ba. In ka ninka wa shuka ruwa ba ta ninka tsawo, ruɓewa take yi.

Wata na huɗu kalma goma sha biyu ya ƙara, na biyar biyu kacal. Sai na ninka masa atisayen baki. Ran Talata, don kawai na ce ya maimaita "cokali", ya yi wurgi da kofi ya fashe da kuka. Da na ba abokinsa mai aikin kwamfuta labari, ya ce su ma in na'ura ko mutum ya birkice kan abu kaɗan, cewa suke ya bar miƙaƙƙen layi. Ban iya ko murmushi ba.

Jiya Malam ya karɓi fensir da hagu, ya lanƙwasa layina, ya kwantar da shi har bakin takardar. Na nuna wa likita, bai musa ba.

Yaya, na gaji, kuma tsoro nake ji. Ka zo ran Asabar mu kwaso littattafansa daga ofishinsa na makaranta, ba zan iya ni kaɗai ba. Kalma ɗari da sittin da huɗu ke nan a takardar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, akwai ruwa, akwai takalmi, akwai alli. Sunana ba ya ciki.

Ka gaida kowa. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta