Na Ƙi Sauka a Gangaren Bakin Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ma ta yi sauƙi.

Ni kam kwana uku ke nan hankalina bai kwanta ba, kuma keken nan mai giya da ka aiko mini ne sila. Ka san ƙa'idar siririyar hanyarmu ta bakin ruwa: mai gangarowa ne ke sauka ya ba mai hawowa da kaya hanya, ya yi masa sannu. Ran Talata daɗin gudu ya ɗebe ni. Na hango Baba Manu, tsohon nan mai kai kifi kasuwar Wara, yana fama da hawa, sai kawai na kaɗa masa ƙararrawa, na ƙi sauka. Ya kauce, kekensa ya kife, kifi ya watse cikin yashi. Ni ma na faɗi.

Wallahi da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya bar kifinsa ya zo ya ɗaga ni yana cewa, "Ɗana, ba ka ji ciwo ba?" Har sarƙar kekena da ta fita shi ya mayar. Kunya ta hana ni ko ba shi haƙuri.

Gobe zan je gidansa, Inna ta ce da ƙafa zan tafi. Ka sa ni a addu'a, ka gaishe mini da yara. Kuma kada ka ga laifin keken. Birkinsa lafiya lau yake, ni ne ban kama ba.

Ƙanenka,
Bala