Madubin Shuɗiya

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce kawai take mini tsiya in hadari ya haɗu. Matar yayanki ta sauka lafiya, an samu namiji, kunnuwansa irin nawa, Allah ya ba shi haƙuri. Maƙwabcinmu tela ne yake rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya yi wa maganata ado, ba riga ba ce.

Zancen motata Shuɗiya ne ya sa na neme ki. Takardar lafiyarta ta ƙare, yayanki kuwa ya ce in ta faɗi a wurin masu duba mota, 'yan gwangwan zai kira. Na ce masa motar da ta girme shi ba a yi mata irin wannan magana a gabanta, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ni da makanike muka tasa ta gaba. Muka juye baƙin mai, muka wanke filogi, ya ɗaure birki, ya liƙe salansa. In ya tafi da la'asar nakan zauna a ciki ƙarƙashin bishiya, ban tayar da ita ba. Ƙamshin kujerun nan kaɗai ya isa ya kai ni tafiya: sai in ga tsoffin hanyoyi suna shigewa ƙarƙashinmu, ruwa yana sauka a gilashi, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, tana cewa in rage gudu.

Ranar dubawa jami'in ya gwada fitilu da hon, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taka birki, yana ta gyaɗa kai. Da ya zauna a mazaunina ya ɗaga ido ga madubin ciki, sai ya ga ba hanya yake nunawa ba, kujerar gefe yake kallo. Ya murɗa, ya ƙi, tsatsa ta kama shi. Ya ce in gyara in dawo.

Auta, ni na karkatar da madubin nan tun ranar da na fara ɗaukar mahaifiyarki. Kunya ta hana ta duban inda nake, ni kuma na samo hanyar ganin fuskarta ina tuƙi. Da madubin gefe na yi ta duba baya duk shekarun nan. Har yanzu in rana ta yi sanyi nakan ga kamar gefen mayafinta a ciki. Makanike ya ce aikin ɗan lokaci ne, na ce hannunsa ba zai taɓa ba. Yayanki ya ce taurin kai ne. To, gado ya yi.

Na daɗe ina jinkiri, sannan na ga in na ƙi, har kujerar za a sare. Da kaina na riƙa ɗiga wa madubin mai kowace safiya, ina lallaɓa shi, har ya saki. Na yi wa mahaifiyarki addu'a, na juya shi. Sai ga kujerar baya ta cika madubin, wurin da kike kwanciya ki ɗora ƙafafu a gilashi, kina ƙirga wayoyin lantarki har barci ya sace ki. Ashe shekara da shekaru ban dubi wurin ba.

Shuɗiya ta ci, an manna mata takarda. Yanzu duk inda na nufa kujerarki nake gani, babu kowa. Ki kawo mini yaran nan su cika ta tun idona yana iya hanya. Ni zan ɗauko ku a tasha.

Ki gaida maigidanki, da amaryata mai wushirya, da ƙanenta sarkin rigima. Yayanki da matarsa da gwaggonki suna gaisuwa.

Ni ne mahaifinki,
mai Shuɗiya.