Sunan da Aka Hana Faɗa a Gidanmu

Anti Saude, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, ban saba faɗa wa kowa cikina ba, kuma Hausar tawa ta Mubi ce.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya. Muna zaune a Lamorde da maigidana Zakariya, dattijo ne a cocinmu. Asalinmu daga duwatsun Michika muke. 'Ya'ya biyar Allah ya ba mu, na huɗunsu shi ne Vandi. Haka ake yi a wurinmu, yadda ka zo a jerin haihuwa shi ne sunanka. Ɗan fari in namiji ne Tizhe, na huɗu Vandi.

Vandi kiwon kifi ya karanta. Ya samu gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa wai ita Iceland, can ƙarshen duniya, inda ya ce min akwai watannin da rana ba ta son faɗuwa, akwai kuma waɗanda ba ta son fitowa. Na ce masa to me ka je nema a inda rana ma ba ta da tsari? Ya yi ta dariya. Wata shida aka ce mana, sai ga shi ya zama shekara biyar. Ya samu aiki, ya auri 'yar can, sunanta Eva. Ba mu je bikin ba, amma ba mu ƙi auren ba. Yarinya ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Har gaisuwa ta koya da yarenmu, tana yi tana karya harshe, muna shan dariya. Daddawa da kuka ma na taɓa aika mata.

Tana da cikin wata shida Vandi ya rasu. Mota ce ta zame da shi a kan ƙanƙara yana dawowa daga aiki. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Can aka binne shi. Anti, ban ga gawar ɗana ba, ban zuba masa ƙasa ba. Yaron da ya goya ni ya ƙetare mayo, wato kogi, da ni shekarar da muka gudu daga Mubi, sai a waya na ga akwatinsa.

Cikin nan ne ya riƙe ni da rai. Vandi ya taɓa faɗa min da bakinsa cewa in namiji ne Zakariya za a sa masa. Na gaya wa babansa, kuma tun bayan rasuwar ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Aka haifi namiji. Eva ta yi ta turo hotuna ta wayar autarmu Christy. Muka tambayi suna, ta ce sai ranar baftisma. Wai su can jarirai ake yi wa, kuma ba a faɗin suna kafin ranar, ko iyayenta ma ba su sani ba. Wata biyu da rabi yaro ba suna! Maigidana ya ji ciwon abin, ya ce wane irin gari ne wannan da ba a tuntuɓar kaka. Ni na lallashe shi, na ce ai mun riga mun san sunan, so take ta ba shi mamaki.

Nan na tafka kuskuren farko, na gayyaci jama'a. Na dafa shinkafa, na dama kunun gyaɗa, na yanka kaji. Matan zumuntar coci suka zo da ankonsu, ga dattawan coci uku. Christy ta haɗa waya da talabijin don mu kalli baftismar kai tsaye. Zakariya ya sa babbar rigarsa ya zauna a gaba. Faston can ya zuba wa yaro ruwa ya faɗi suna, ba wanda ya gane. Sai Eva ta turo a rubuce: Thorsteinn Vandason. Wata mata ta tambayi ma'anarsa. Christy kuwa, da rawar kan nan nata, ta duba a waya ta karanta da ƙarfi kafin ta tsaya ta yi tunani. Wai suna ne na tun zamanin da, kashi biyu aka haɗa: Thor, wani gunkin tsawa da kakanninsu suka bauta wa, sai kalmarsu ta dutse. Dutsen gunkin tsawa ke nan.

Kowa a falo ya juya yana kallon Zakariya. Ba za ki gane ba sai na faɗa miki dalili. Mahaifin maigidana shi ne mai kula da dutsen tsafin zuriyarsu a kan tudu, inda ake yanka akuya a roƙi ruwa. Da ya karɓi bishara ya juya wa dutsen baya. 'Yan'uwansa suka kore shi, suka ƙone masa rumbu, shi ya sa ya gangaro Mubi. Da wannan labarin Zakariya ya yi renon 'ya'yansa, da shi yake ba da shaida a coci. Sai ga jikansa da sunan dutsen gunki, a gaban dattawa. Zakariya ya miƙe ya shige ɗaki. Kajin nan sai maƙwabta na raba wa.

Washegari ya kafa doka, ba mai faɗin sunan a gidansa. Ya sa Christy ta rubuta wa Eva ta canza. Eva ta amsa da ladabi cewa sunan mahaifinta ne, mutumin da ya riƙi Vandi kamar ɗansa, ya zauna bakin gadonsa kwana huɗun nan, ya kama akwatinsa. Ta ce ita ko sau ɗaya gunki bai zo mata a rai ba, can suna ne kawai, har fastoci suna da shi. Kuma wai Vandi da kansa ya yarda da shi tun yana da rai. Ba za ta canza ba.

Wannan maganar ta Vandi ce ta tunzura ni, don na ga kamar ƙaryata ni take yi. Na fizge wayar na yi mata saƙon murya da Turancina na malamar makaranta, don ta ji da kyau. Na ce ƙasarta ta cinye min ɗa, yanzu kuma ta miƙa ɗansa ga gunki. Mai jego na faɗa wa haka, wadda mijinta bai shekara a ƙasa ba. Allah ya yafe min. Ba ta amsa ba. Shekara uku da rabi ke nan ban ji muryarta ba. Amma duk wata sai ta turo wa Christy hoto, ina laɓewa a kicin ina kallo. Kunnuwan Vandi ne sak, har wushiryar.

Yanzu ta rubuto. Za ta zo a Disamba da yaron, su sauka Yola, tana so ya ga gidan ubansa don ya fara tambaya. Abu ɗaya ta roƙa, a kira shi da sunansa, kada yaro ya ji kamar akwai abin kunya a jikinsa. In ba za mu iya ba mu faɗa mata tun yanzu ta fasa. Zakariya ya ce yaro jininsa ne, ƙofa a buɗe take, amma sunan ba zai shigo ba. Tizhe za a kira shi, ko kuwa a bari. Maigidan nawa yana da hawan jini, bara ya faɗi, ina tsoron matsa masa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ni kaina in na gwada faɗin sunan a gona ni kaɗai, harshena nauyi yake yi, sai in ji kamar na yi zunubi. Eva tana jiran amsa kafin ƙarshen wata. Anti, in ta fasa, na san ba zan ga yaron nan ba har in koma ga Allah. Yaya zan yi?

Kaka mai kuka, Lamorde, Mubi

Amsar Anti Saude

Mama, sannu da haƙuri. Allah ya ƙara muku danganar rashin Vandi. Hausarki ras take, kuma na ji ki sarai.

Zan fara da inda ya fi zafi. Kin ba Eva haƙuri? Na duba wasiƙarki ban gani ba. Kin roƙi Allah gafara, madalla, amma ita ce ta saurari saƙon nan da jariri a hannu. Wannan ba ya jiran izinin Baba Zakariya. Ki karɓi wayar Christy yau, ki yi mata saƙon murya kamar yadda kika yi wancan, ki ce kin yi kuskure. Kada ki sako zancen suna a ciki. Matar da aka faɗa wa wannan magana amma ta ci gaba da turo hoto duk wata, ba abokiyar gaba ba ce.

Sai sunan. Na bincika, abin da Christy ta karanta gaskiya ne, sai dai rabin labarin ne. Sunan ya shiga ƙasar ne tare da mutanen da suka fara zama a cikinta, fiye da shekara dubu da suka wuce. Ba a daɗe ba ƙasar ta karɓi addinin Kirista. Bautar gunkin ta mutu, sunan ya ci gaba da sauka daga kaka zuwa jika, don su ma suna yi wa iyayensu takwara kamar mu. Ƙarni nawa ke nan ana kai masu wannan suna coci. Sunan da Turawa ke kiran ranar Alhamis ma daga gunkin nan ya samo asali, kuma na tabbata Baba ya sha rubuta shi a takardar taron dattawa. Mu nan muna da Ajuji, sunan da ya fito daga tsohon camfi, amma ba wanda ya ce mai sunan juji yake bauta wa. Ɓoye suna har ranar baftisma kuwa al'adarsu ce, ba raini ba ne.

Ki sake duba suna na biyu. Vandason, ɗan Vandi ke nan. Yawancinsu can ba sa gadon sunan dangi, sunan uba ake jingina wa yaro, amma dokarsu ta yarda uwa ta jingina nata. Eva tana da wannan damar, miji ba rai, danginsa na nesa, ta zaɓi sunan ɗanki. Batun alkawari kuma, ina kyautata zaton ba wadda ta yi ƙarya tsakaninku. Vandi yana son babansa, yana son surukinsa, ya faɗa wa kowa abin da zai faranta masa, yana ganin akwai sauran lokaci.

Amma kada ki ɗauki Baba a matsayin mai taurin kai kawai. Mahaifinsa ya rasa rumbu da dangi saboda dutse, wannan ba wasa ba ne. Ga kunyar da ya sha cikin babbar riga a gaban tsaransa. Ga kuma mutuwar ɗa, wadda maza irinsa ba su san inda za su ajiye ta ba, fushi da suna ya fi musu sauƙi a kan kuka. Ke kika tara taron nan, ki faɗa masa kin san laifinki ne. Ita ma Eva da ta yi muku tuntuɓa ko ta bayan fage da abin bai kai haka ba. To amma akwai wanda ya taɓa ba ta labarin dutsen kakan mijinta? Ina jin babu. Umarni kawai ta samu, sai zagi. Ku ba ta labarin, za ta gane abin da take roƙo.

Ga abin da za ki yi. Kada ki tunkari Baba da gardama, lafiyarsa ba za ta ɗauka ba. Ki nemi fastonku, ko ɗaya daga dattawan nan uku wanda yake jin maganarsa, su zauna su biyu ba 'yan kallo. A kai masa mafita, ba wa'azi ba. Can ana taƙaita wannan suna a ce Steini, ɓangaren dutsen kaɗai, ba gunki a ciki. Ku tambayi Eva ko haka ake kiransa a gida. Ku kuma roƙe ta Tizhe ya zama ƙari, sunan da kakansa zai riƙa kiransa da shi, ba madadin nasa ba. Yaro ba ya ƙin suna biyu in duka da fara'a ake faɗa.

Abu ɗaya na hana ki. Kada ki ce wa Eva komai ya daidaita don kawai ta hau jirgi. In Baba ya kafe, ki faɗa mata gaskiya. Sannan ki durƙusa gabansa ki gaya masa, cikin ladabi kuma ido da ido, cewa za ki je Yola da Christy ki ga jikanki ki dawo. Dokarsa ta gidansa ce, ba ki karya ta ba. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki bai ci tuwonki ba. Wannan mai wucewa ne, ganin yaron in ya kuɓuce ba lalle ya dawo ba.

Harshenki kuma, ki ci gaba da gwadawa a gona har ya saki. Ba zunubi kike yi ba. Yaron da bai cika huɗu ba bai san wani gunkin tsawa ba. Zai sauko a garin da bai san kowa ba, cikin zafin da bai taɓa ji ba, ya maƙale a bayan uwarsa yana leƙen wata tsohuwa mai kuka. Ba ya jin Hausa, ba ya jin yarenku. Kalma ɗaya tak kike da ita wadda zai gane, in kika kira shi da wata ba zai waiwayo ba.

Ki amsa wa Eva cikin makon nan. Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya ƙara masa lafiya, ya kawo su lami lafiya, ya sa ki rungumi jikanki.

Taki,
Anti Saude